Wa Zai Riƙe Majami'ar Ƙauye? Horon Masu Wa'azi da Rabon Mata a Ikilisiyoyin Ƙasar Hausa ta Nijar

Matanin laccar da aka gabatar gaban dattawan ikilisiya, da shugabannin zumuntar mata, da baƙi Musulmi waɗanda suka amsa gayyata.



Batun da aka taru a kansa yau shi ne horon masu wa'azi waɗanda ba a naɗa su fasto ba, da kuma rabon da ya kamata mata su samu a cikin wannan horo. Mai yiwuwa wani daga cikin baƙi ya ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna Musulmi sun zarce kashi 99 cikin 100 na ƴan ƙasa, Kirista kuwa ba su kai ko kashi 1 ba. To ina ruwan mai kanti a babbar kasuwar Maraɗi, ko ma'aikacin baitulmali a Tawa, da wanda zai tashi ya yi magana ranar Lahadi gaban mutum 20 a ƙarƙashin rumfar kara? Amsa ita ce, mutumin nan maƙwabcin wani ne, sau da yawa ma ɗan uwan wani ne ciki ɗaya. Rijiya guda yake sha da Musulmin garin, kasuwa guda suke ci, maigari guda suke kai wa gaisuwa da ƙara. Abin da ya faɗa ranar Lahadi, kafin Litinin ya isa bakin rijiya. Idan ya san abin da yake faɗa, gari ya zauna lafiya. Idan kuwa bai sani ba, to ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ga mai shi da ma waɗanda ke kewaye da shi.

Su wane ne masu wa'azin nan?

A cikin ikilisiyoyin bishara, ma'aikata hawa uku ne. Akwai fasto, wanda aka naɗa ta hanyar ɗora hannu, shi ke yin baftisma, ya ba da jibin Ubangiji, ya ɗaura aure. Akwai mai bishara, wanda ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki aka tura shi wani ƙauye ya zauna. Sa'an nan akwai hawa na uku, wanda ba shi da albashi, ba shi da takardar shaida, sau da yawa ma ba shi da suna a cikin kundin ikilisiya: manomi ne, ko tela, ko mushen lakkol, ko ma'aikacin likita da aiki ya kai shi wani gari, ya iske ƴan Kirista kaɗan ba su da mai karanta musu Littafi, sai ya ɗauki nauyin. A wajen ƴan Katolika ma akwai irinsa, shi ake kira katikis, wanda ke jagorar addu'a a wuraren da fada ba ya zuwa sai jifa-jifa.

Fastoci kaɗan ne, garuruwa kuma nesa da juna suke. Fasto guda na iya kula da majami'u da dama, yana zagaya su a kan babur, ya ga wannan yau, ya ga waccan bayan makonni. Saboda haka a ranakun Lahadi masu yawa na shekara, muryar da ƴan ƙauye ke ji ita ce ta mutumin nan na hawa na uku. Shi ne ya fi kowa magana, shi ne kuma aka fi barin baya wajen horo.

Yadda aka faro

Ƴan mishan na ƙungiyar SIM sun sauka Damagaram a shekarar 1924, bayan ƴan shekaru suka kafa mazauni a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Ƴan Katolika kuma suka buɗe nasu a Yamai a 1931. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukkansa da Hausar boko, a 1950 aka buɗe likitar Galmi, daga baya aka buɗe ta masu ciwon kuturta a Danja. Yawancin ƴan mishan ɗin SIM masu jin Ingilishi ne, kumandojin Faransa kuma ba su taɓa sakin jiki da su ba. Su ma ƴan mishan ba su damu da Faransanci sosai ba a farkon lamari. Burinsu shi ne mutum ya iya karanta Littafi da harshen da ya sha a nono, ya koma garinsu ya yi noma ya yi wa'azi. Wannan tsari ya haifar da abu biyu. Ya ba ikilisiya tushe mai ƙarfi a cikin Hausa, har ta zama ta ƴan ƙasa ce, ba ta baƙi ba. Amma kuma ya bar masu wa'azin farko ba su da harshen biro, ba su iya karanta takardar hukuma, ba su iya kare kansu gaban kumandan ko alƙali.

Akwai wani abu a cikin wannan tarihi wanda ba a cika faɗa ba. A cikin irin waɗannan ƙungiyoyin mishan, mata sun fi maza yawa, da dama daga cikinsu kuma ba su da aure. Su ne suka riƙe ɗakunan shan magani, su ne suka karɓi haihuwa, su ne suka shiga gidajen da ba a shiga, suka koya wa mata da yara baƙaƙe. Amma da aka zo kafa ikilisiya mai cin gashin kanta, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fi sani da EERN, daidai lokacin samun ƴancin kai, sai kujerun shugabanci suka zama na maza. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 ikilisiyar ta dare, wasu sababbi suka fito daga cikinta, ikilisiyoyin Fentikos kuma suka yawaita a birane bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi. Majami'u suka ƙaru, masu hawa mumbari suka ƙaru, amma horo bai ƙaru daidai da su ba.

Makarantar Littafi da matar ɗalibi

Makarantun Littafi masu koyarwa da Hausa, irin na Agye da Dogon Gawo, sun yi aiki babba, kuma babu mai musun haka. Tsarin da aka gada shi ne ɗalibi ya taso da iyalinsa, ya zauna shekaru a makaranta, yana karatu, da damina ya noma abin da zai ci. Matarsa ma ana koya mata karatu da rubutu da wani abu na Littafi, gwargwadon abin da goyo da daka da ɗebo ruwa suka bar mata na lokaci. To amma a lura da kyau: ta shiga makarantar ne a matsayin matar wane. Mijin ne aka zaɓa, shi ikilisiya ta aiko, shi za a tura wani gari. Budurwa mai basira, ko gwauruwa mai hankali, ko uwar ƴaƴa wadda mijinta ɗan kasuwa ne ba mai bishara ba, da wuya su sami ƙofar shiga. Haka nan namijin da ke da shago ko aikin gwamnati, ba zai iya rufe shagonsa shekara 3 ko 4 ya tafi karatu ba. Wato dai makarantar tana fitar da masu bishara, amma mutumin hawa na uku da matan ikilisiya suna waje.

Wa ke cikin majami'a da rani?

Kowa a ɗakin nan ya san yadda ƙauye ke zama bayan an kammala kaka. Da zarar an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu, sai maza su kama hanyar cin rani: wasu Kano da Legas, wasu Abijan, wasu Libiya da Aljeriya, wasu kuma wuraren haƙar zinariya na arewa tun bayan da aka gano ta Jado a 2014. Ba su dawowa sai an ga hadari ya fara haɗuwa. Kirista ba su fita daban ba a wannan. Talaucin da ya kori ɗan Musulmi shi ya kori nasu. Kusan rabin shekara ke nan majami'ar ƙauye ba ta da kowa sai mata da tsofaffi da yara. Idan an ce namiji kaɗai za a horar, to an horar da wanda ba ya nan, an bar wadda ke nan.

Matan kuwa ba a zaune suke ba. Zumuntar Mata, wadda ta faro a ikilisiyoyin arewacin Nijeriya tun shekarun 1930 ta kuma yaɗu har nan, ita ce ƙungiya mafi tsari a cikin majami'u masu yawa. Suna da ranar taronsu kowane mako, da shugaba, da ma'aji, da zanen ƙungiya, da waƙoƙin da su da kansu suke tsarawa. Su ke zuwa barka, su ke zaman makoki, su ke dafa wa baƙi abinci ranar babban taro, su ke tara ɗan abin da za a kai mai naƙuda likita. A taron nasu kuma, wata ce ke buɗe Littafi ta karanta ta yi bayani. Makarantar Lahadi ta yara ma yawanci a hannunsu take. Ashe ke nan wa'azi dai suna yinsa, sunan ne kawai ba a ba shi ba, horon kuma ba a ba su ba.

Ga wani dalili kuma wanda al'adar ƙasar Hausa ta kawo. Mai bishara namiji iyakarsa zaure. Ɗakin maijego, da wurin da ake yi wa mace gawa wanka, da tsakar gidan da ake kulle, duk ba wurin zuwansa ba ne. Amma a nan ne ake yanke manyan shawarwari na rayuwa: ko a kai yaro rigakafi, ko a bar yarinya ta ci gaba da lakkol, ko a aurar da ita. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kimanin kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Cibiyar kula da masu yoyon fitsari da aka buɗe a Danja a 2012 shaida ce ta abin da haihuwar ƙuruciya da doguwar naƙuda ke jawowa. Macen da aka horar za ta iya faɗar wannan magana a inda ake buƙatar jinta, da muryar da za a saurara.

Hujjar masu ja da baya

Dattawan da ke ɗari-ɗari da wannan batu ba don son zuciya kawai suke yi ba, kuma ya kamata a ji hujjarsu da girmamawa. Suna kafa dalili da wasiƙun Manzo Bulus, musamman sura ta 2 ta wasiƙar farko zuwa ga Timoti da sura ta 14 ta wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa, inda aka taƙaita maganar mace da ikonta a cikin taron ikilisiya. A kan haka ne ikilisiyoyi da dama da suka fito daga aikin SIM ba su naɗa mace fasto. Wasu kuma suna amsawa da cewa a cikin Littafin nan dai akwai Debora wadda ta yi shari'a ga Isra'ila, akwai Bilkisu wadda ita da mijinta Akila suka gyara wa Afolos fahimtarsa ko da yake shi mashahurin mai wa'azi ne, akwai kuma Fibi, ma'aikaciyar ikilisiya wadda Bulus da kansa ya yaba a ƙarshen wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Dattawa suna da tsoro na biyu, wato abin da maƙwabta za su ce idan suka ga mace tsaye gaban maza tana magana. Ƴan tsiraru ba su son abin da zai ƙara jawo musu ido.

Wannan muhawara ta daɗe, kuma ba a zama guda za a ƙare ta ba. Sai dai akwai abu biyu da aka saba cakuɗawa, alhali daban suke: naɗi daban, horo daban. Maganar wa za a naɗa fasto, kowace ikilisiya tana da majalisarta da za ta yanke. Amma babu ɓangaren da ya ce mace kada ta koyar da mata ƴan uwanta, ko yara. Tunda kowa ya yarda ta koyar, to dole kowa ya yarda a koya mata abin da za ta koyar. Ikilisiyar Katolika, wadda ba ta naɗa mace fada, ta bi irin wannan hanya: a shekarar 2021 Fafaroma Faransis ya buɗe wa mata aikin karanta Littafi da hidimar bagadi a hukumance, ya kuma mai da aikin katikis muƙami tabbatacce na maza da mata.

Game da tsoron idon maƙwabta kuwa, ƙasar Hausa ba baƙuwar malama ba ce. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin Ƴan Taru: ta zaɓi dattijai mata masu mutunci, ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, su kuma suna jagorantar ayarin tsofaffi da ƴan mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda hidimar gida ta hana fitowa. A nan Nijar ma, Malama A'ishatu Ɗancandu ta yi shekaru tana karantarwa ta rediyo da talabijin, makarantun Islamiyya na matan aure kuma sun cika unguwanni tun shekarun 1990. A fagen siyasa, ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka fito titunan Yamai domin an ware musu kujera guda tak a kwamitin shirya Taron Ƙasa, ranar da ta zama ranar matan Nijar. Maƙwabcin da matarsa ke zuwa ɗaukar karatu wurin malama ba zai yi mamakin ganin malama a majami'a ba.

Abin da ya kamata a koyar, da yadda za a koyar

Na farko, karatu da rubutu da Hausa, har mutum ya iya karanta sura gaban jama'a ba tare da in-ina ba. A nan ne mata suka fi buƙatar ƙoƙari, domin binciken 2012 ya nuna masu iya karatu a cikinsu ba su kai ko rabin na maza ba. Na biyu, yadda ake fahimtar aya a cikin surarta, kada a tsinko ta ita kaɗai a gina mata ɗaki. Daga irin wannan tsinke ne ake samun mai cewa mara lafiya ya bar magani ya dogara ga addu'a, ko mai yi wa talaka alkawarin arziki idan ya ba da ɗan abin da ya rage masa. Na uku, sanin addinin maƙwabci daga bakin masu shi, da ladabin magana a kansa. Magana zarar bunu ce. Mai wa'azi ya bayyana abin da ya gaskata iyakar iyawarsa, amma zagin abin da wani ke girmamawa ba bishara ba ne. Na huɗu, riƙon amana: a ƙirga baiko gaban mutum biyu, a rubuta a kundi, a karanta wa jama'a kowane wata. Alhazan kasuwa sun fi kowa sanin cewa ƙaramin kuɗi shi ke raba manyan abokai. Na biyar, ɗan sanin doka da lafiya: takardar haihuwa, takardar fili, izinin taro, alamun naƙuda mai haɗari. A 2019 Majalisar Dokoki ta amince da dokar tsara harkokin ibada, wadda ta shafi Musulmi da Kirista duka. Mai jagorar jama'a da bai san abin da hukuma ke nema gare shi ba, zai jefa su cikin wahala ba da niyya ba.

Hanyar koyarwa kuwa, tunda ɗalibi ba zai iya zuwa makaranta ba, sai makaranta ta je wurinsa. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1963 wata makarantar tauhidi a ƙasar Gwatamala ta lura cewa waɗanda ke riƙe da majami'un karkara ba su ne ke zaune a azuzuwanta ba, sai ta shirya littattafan da mutum zai yi nazari a gida, malami kuma ya riƙa zagayawa yana haɗuwa da ƙananan rukuni a kai a kai. Tsarin ya bazu a Afirka, har da ikilisiyoyin arewacin Nijeriya masu aiki da Hausa. A nan ana iya ɗora shi a kan abin da jama'a suka saba: a haɗu ranar kasuwar yanki, tunda dama kowa zai zo, a yi zama mai tsawo na mako guda bayan kaka kafin maza su watse, a yi na mata da rani, kusa da gida, a tanadi mai kula da yara da mai dafa abinci. Waya ma ta rage nisa, domin darasin da aka ɗauka da murya yana isa har ga wadda ba ta iya karatu ba tukuna. Mata su riƙa tafiya biyu-biyu, da yardar mazajensu da sanin maigari, a fara da dattijai waɗanda bakin gari ba ya taɓawa. A ƙarshe kuma a rubuta sunan kowace mace a takardar shaidarta, sunanta na kanta.

Wannan magana ta suna tana da nauyi. Gidan da mai bishara ke zaune yawanci na ikilisiya ne. Ranar da ya rasu, matar da ta yi shekara 20 tana koyar da mata da yara a garin sai ta tattara kayanta ta ba magajinsa wuri, domin ba a taɓa rubuta ta a matsayin ma'aikaciya ba. Gari ya yi rashin malami biyu a rana guda, ita kuma ta rasa miji da muhalli da aiki. Takarda da sunanta za ta ba ikilisiya damar ta ci gaba da amfani da ita, ta kuma tallafa mata.

Kuɗin wannan horo bai kai na gina majami'a guda ta siminti ba. Abin da ake buƙata shi ne littattafai, da man babur na malami, da hatsin da za a ci a kwanakin zama. Ƴan kasuwa da ma'aikata Kirista na birane, waɗanda yawancinsu a irin waɗannan majami'un ƙauye aka koya musu baƙin farko, su ya kamata su ɗauki wannan nauyi, maimakon a zauna jiran taimakon waje wanda ke zuwa yau ya ɗauke gobe.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Shekarun baya sun nuna dalilin gaggawa. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, sakamakon zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, aka ƙona majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu. A cikin wutar nan an ga Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu, kuma ba a rana guda aka gina amanar da ta sa suka yi haka ba. An gina ta ne a gidajen suna da na makoki, inda mata suka fi maza zirga-zirga. A jihar Tilaberi kuma, tun bayan sace wani fada ɗan Italiya a Bomowanga a watan Satumba na 2018, rashin tsaro ya tilasta wa shugabannin addini da dama barin ƙauyuka. Inda naɗaɗɗe ya tafi, wanda ya rage shi ne jagora, ko an horar da shi ko ba a horar ba, ko namiji ne ko mace.

Saboda haka, dattawa, abin da ake roƙo ba mai yawa ba ne. Kowace gunduma ta ikilisiya ta ƙirga waɗanda ke tsayawa gaban jama'a a majami'unta, har da shugabannin zumunta da malaman yara. Ta buɗe musu darasi kusa da gida kafin kaka mai zuwa ta wuce. Ta kuma tabbata cewa a kowane rukuni akwai mata da aka rubuta da sunansu. Ku kuma iyaye mata, idan an buɗe ƙofar ku shiga, ku kawo ƴaƴanku mata tare da ku. Kyakkyawan malami a gidan maƙwabci riba ce ga unguwa duka.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Nijar lafiya.